Gubar Litiyam a Kambaza: A Kawo Garin Maganin, Amma Awo Ya Riga Shi Isowa

Duk wanda ya ji an ambaci litiyam a Jihar Kebbi cikin 'yan shekarun nan, hankalinsa Libata yake tafiya, can ƙaramar hukumar Ngaski, inda ake haƙo dutsen da ake yin batirin waya da na mota mai lantarki da shi. Kaɗan ne suka san cewa wannan sinadarin dai shi ne a cikin wata 'yar ƙwaya da likitocin ƙwaƙwalwa ke rubuta wa mai ciwon da suke kira baifola, lalurar da kan ɗaga mutum sama har ya kwana bakwai bai runtsa ba, yana zuba zance yana rabar da abin hannunsa, sannan ta juyo ta danne shi da baƙin cikin da ko ƙofar ɗaki ba ya iya leƙawa. Magani ne mai albarka, amma idan ya taru a jini guba yake zama, kuma tsakanin albarkar da gubar ba a yi taku biyu ba. Akwai wani garin magani mai sauƙin kuɗi da ake damawa a sha, wanda ke kama litiyam a cikin hanji ya fita da shi ta bayan gida. Likitocin ƙasashen da ke da injin wankin ƙoda a kowane babban asibiti ba su cika damuwa da shi ba, suna kuma da hujjarsu. Ni a ganina hujjar tasu ba ta iso Kambaza ba. Garin ya cancanci wuri a kantar maganin asibitocinmu na karkara, a Kambaza da Gwandu da ire-irensu, bisa sharaɗi ɗaya da ba ya karɓar rangwame: kada ya shiga asibitin da ba zai iya auna jinin majinyaci ba.

Tarihin maganin da kansa ya kafa wannan sharaɗi. A shekarar 1949 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostireliya, John Cade, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wani asibiti kusa da birnin Melbon, inda gishirin litiyam ya kwantar da mutanen da zumuɗi ya hana su zama shekara da shekaru. A wannan shekarar dai aka janye wani gishirin litiyam daga kasuwannin Amurka, wanda ake sayar wa masu ciwon zuciya a madadin gishirin miya, bayan ya yi ajalin wasu daga cikinsu. Majinyacin Cade na farko ma, wanda ya samu sauƙi har aka sallame shi ya koma bakin aikinsa, gubar litiyam ce ta ɗauke shi a 1950. Abin da ya hana a yi watsi da maganin shi ne koyon auna yawansa a cikin jini, sannan aikin Mogens Schou na ƙasar Denmak daga 1954 ya tabbatar da amfaninsa, har Amurka ta amince da shi a 1970. Yau ana son yawansa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2 na milimol a kowace lita, idan an ɗibi jinin awa 12 bayan shan ƙwayar ƙarshe. Da ya haura 1.5 alamun guba sun fara leƙowa, daga 2.5 zuwa sama kuwa rai ake magana. Wato ninki biyu na abin da ke warkarwa ya isa ya kwantar da mutum.

Kusan hanya ɗaya litiyam ke da ita ta barin jiki, ita ce ƙoda. Hanta ba ta sarrafa shi, ba ya kuma narkewa ya zama wani abu. Ita ƙodar ba ta cika bambanta shi da sodiyam ba, sinadarin da ke cikin gishirin miya, har ma ko mutum na cikin ƙoshin lafiya kusan kashi huɗu cikin biyar na litiyam ɗin da ta tace takan mayar da shi jini. Duk lokacin da ruwa ko gishiri ya yi wa jiki ƙaranci sai ta ƙara damƙe sodiyam, litiyam kuma ya bi ayari ya koma tare da shi. To, a ɗora wannan a kan rayuwar mutumin ƙasar Gwandu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, manomin rani yana fadama tun safe gumi na tsiyaya. Azumin 2024 da na 2025 duk sun taɓa wannan zafin. Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, kuma Kebbi na cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta shiga. Idan jiki ya yi tsami bayan aikin gona, kemis ake zuwa a sayi diklofenak ko ibufurofen, su kuwa waɗannan suna rage fitar litiyam ta ƙoda. Idan hawan jini ya zo tare da shekaru, sai a rubuta lisinofuril, ko ƙwayar sa fitsari irin Moduretic da kowa ya sani, a kuma ce wa mutum ya rage gishiri a miya. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shawara ce mai kyau ga wanda ba ya shan litiyam, kowace ɗaya kuma tana tura yawansa sama ga mai shansa. Saboda haka gubar da ta fi kusa da mu ita ce mai taruwa a hankali a jikin mutumin da ke bin umarnin likita sau da ƙafa, bai taɓa ƙara ko rabin ƙwaya ba. Ita ce kuma ta fi illa ga ƙwaƙwalwa, domin sinadarin ya samu kwanaki yana ratsawa ciki. Wanda ya haɗiye ƙwayoyi da yawa lokaci guda yana iya nuna lamba mai tsoratarwa a jini alhali kansa na nan sarai, wanda ta taru masa a hankali kuwa lambarsa na iya zama 2.0 kacal amma yana tangaɗi.

Alamun gubar ne suka fi tayar min da hankali, saboda yadda za a karanta su a gida. Hannu ya kama karkarwa mai ƙarfi har kofi ya gagara riƙewa, tafiya ta zama ta tangaɗi, harshe ya yi nauyi, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana yana amsa tambayar da ba a yi masa ba. A jikin wanda aka san yana da lalurar ƙwaƙwalwa, abu na farko da iyali za su ce shi ne ciwon ya motsa. Mai tsananin kula a cikinsu zai ƙara masa ƙwaya da zuciya ɗaya, wani ya ce iska ce a nemi malami a yi ruƙiyya. Babu mai laifi a cikinsu, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce maganin da kansa na iya kawo wannan. Amma kowace rana da ta wuce a haka tana da farashi, domin gubar litiyam na iya barin tabo na dindindin a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, mutum ya rayu amma tangaɗin da nauyin harshen su zauna masa har ƙarshen rayuwa. Wanda kuma ya sha ƙwayoyin da gangan a cikin halin baƙin ciki, iyalinsa na da dalilin ɓoyewa fiye da kunya, tunda sashe na 231 na dokar Final Kod ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai kai shekara ɗaya. Ko ta wace ƙofa aka shigo, majinyacin a makare yake isa asibiti.

Idan ya iso, abin da ke hannun likita bai da yawa. Gawayin asibiti da ake ba wanda ya sha guba ba ya kama litiyam ko kaɗan. Wanke hanji da ruwan magani na musamman yana amfani ne ga wanda bai daɗe da haɗiye ƙwayoyi masu narkewa a hankali ba. Abin da ya rage shi ne a tsayar da maganin da duk wani abin da ke takura ƙoda, a ɗaura ƙarin ruwan gishiri ta jijiya domin ƙoda ta saki jiki ta yi aikinta, sai kuma wankin ƙoda, wanda babu abin da ya kama ƙafarsa wajen saurin kwashe litiyam daga jini. A 2015 wata ƙungiyar ƙwararrun ƙoda da na guba daga ƙasashe daban-daban, mai suna EXTRIP, ta fitar da ƙa'idar lokacin da ya kamata a hau injin. Ta ce a yi wankin idan ƙoda ta raunana kuma lambar ta wuce 4.0, ko idan hankali ya fara gushewa, ko jijjiga ta zo, ko bugun zuciya ya rikice, komai ƙanƙantar lambar. Ta kuma ba da shawarar a yi shi idan lambar ta wuce 5.0, ko mutum ya ruɗe, ko kuma an lissafa cewa za a haura awa 36 kafin lambar ta sauko ƙasa da 1.0. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ta ɗauka cewa injin na nan a ƙarshen baranda. A wajenmu injin na manyan asibitocin birni ne, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma kafin a kai gare shi akwai shawarar dangi, da neman mota, da haɗa kuɗi, da layin masu ciwon ƙoda da suka riga ka. Ko rangwamen da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, na saukar da kuɗin wankin daga naira 50,000 zuwa 12,000, a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta ne kawai. Tsakanin ƙofar asibitin karkara da bakin injin akwai awanni masu yawa, wani lokaci kwanaki, kuma a cikinsu ne garin ke da aikin yi.

Sunansa na kimiyya sodiyam folistirin salfonet, an fi saninsa da sunan kasuwa Kayexalate, kuma tun 1958 ake amfani da shi a Amurka don rage sinadarin fotasiyam a jinin masu ciwon ƙoda. Wani irin ƙaro ne na roba da aka niƙa ya zama gari, hanji ba ya narkar da shi, jini ba ya ɗaukarsa. Garin ɗauke yake da sodiyam, yana tafiya cikin hanji yana musaya kamar ɗan kasuwar furfure, ya saki sodiyam ya karɓi wani sinadari mai irin cajinsa, ya fice da shi ta bayan gida. Litiyam na cikin waɗanda yake karɓa. Gwaje-gwajen da James Linakis da abokan aikinsa suka yi a kan ɓeraye daga ƙarshen shekarun 1980 sun nuna yana rage litiyam a jini, har ma wanda aka shigar ta jijiya bai bi ta baki ba. Ma'anar wannan babba ce: garin na iya janyo litiyam ɗin da ya riga ya shiga jini, ya ratso bangon hanji a kama shi, tamkar an mai da hanjin ƙaramin injin wanki. A farkon shekarun 1990 an gwada shi a kan mutane masu lafiya da suka ba da kansu, ya rage abin da jikinsu ya ɗauka. Sai a 2010 Marc Ghannoum da abokan aikinsa a Montiriyal ta ƙasar Kanada suka bi bayanan majinyatan da gubar ta taru musu a hankali, irin dai wadda na ce ta fi kusa da mu. A cikin mutum 36 da aka yi wa maganin da aka saba, rabin litiyam ɗin ya ɗauki kimanin awa 43 kafin ya bar jini. A cikin 12 da aka ƙara musu da garin, kimanin awa 20 da rabi ya ɗauka. A gwada lissafi da waɗannan lambobin. Mutum ya zo da 2.5, ana son ya sauko 1.0. Da saurin farko sai an yi awa 57 ko kusa da haka, da na biyu kuwa awa 27. Na farkon ya haura awa 36 ɗin da EXTRIP ta gindaya, na biyun bai kai ba. Lissafin takarda ne, jikin kowa da yadda yake, amma ya nuna girman abin da ake magana a kai: kwana guda da 'yan awanni da aka rage wa ƙwaƙwalwa na zama cikin guba.

Mai suka zai fara da cewa mutum 12 ba hujja ba ce, kuma gaskiyarsa. Binciken waiwaye ne aka yi a cikin tsofaffin fayiloli, ba a raba majinyatan ta hanyar ƙuri'a ba, mai yiwuwa waɗanda aka ba garin sun bambanta da sauran ta wata fuskar. Abin da aka auna shi ne saurin saukar lamba a jini, ba a nuna cewa an rage mutuwa ko naƙasa ba, kuma an san litiyam na barin ƙwaƙwalwa a hankali fiye da yadda yake barin jini. Duk na yarda da wannan. Inda na rabu da mai sukar shi ne abin da ake kwatanta garin da shi. Likitan Montiriyal na kwatanta shi da injin da zai iya kunnawa cikin awa biyu, don haka ƙaramar shakka ta ishe shi ya ajiye garin. Likitan Kambaza na kwatanta shi da ƙarin ruwa da jira. Hujjar da ba ta isa ta kori inji ba tana iya isa ta cike gurbin jira, musamman da yake hanyar da garin ke aiki a fili take, an gan ta a kwalbar gwaji, an gan ta a dabba, an gan ta a mutum. Kuma babu alamar wani zai kawo mana babban binciken da ake jira. Garin tsoho ne, ba mai cin riba a kansa da zai zuba kuɗin gwaji, ƙasashen da ke da kuɗin kuma ba su da buƙatar amsar. Wanda ya ce a dakata sai hujja ta cika, a zahiri ya zaɓa wa majinyacin karkara jira ne, shi ma jiran ba a taɓa gwada shi aka ga ya fi ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma ta haifi sharaɗina. Garin ba don litiyam aka yi shi ba, kuma a cikin sinadaran da yake kamawa litiyam ne ya fi raina. Ya fi son fotasiyam nesa ba kusa ba, yana kuma kwasar kalsiyam da maganiziyam. Shi ya sa sai an ba da shi da yawa kuma a maimaita kafin ya taɓa litiyam, a hanya kuwa yana wawure fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara a kansa. A cikin mutum 12 na Montiriyal, shida fotasiyam ɗinsu ya sauka, ko da yake ba sosai ba, kuma ana auna su. Yanzu a dubi wanda zai zo asibitin Kambaza: ya kwana uku yana amai da gudawa, fotasiyam ɗinsa ya riga ya zube, wataƙila yana shan ƙwayar sa fitsari da ke ƙara zubar da shi, litiyam ɗin da kansa yana taɓa bugun zuciya. A ɗura wa wannan garin ba tare da awo ba, garin neman gira za a rasa ido. Ga kuma sodiyam da yake saki, kusan miligiram 100 a kowane giram, wato awo ɗaya na giram 15 ya kai miligiram 1,500, nauyi ne ga mai hawan jini ko raunin zuciya, da kuma wanda litiyam ya riga ya sa masa yawan fitsari da ƙishirwa har gishirin jininsa na neman hawa. Sai hanji. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ruɓewar hanji da aka gani a wasu da aka ba garin, musamman idan an haɗa shi da sobitol don ya sa gudawa. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yakan yi kisa. A 2017 hukumar ta ƙara da cewa a raba shi da sauran magungunan sha da aƙalla awa uku, domin su ma yana kama su. Don haka ba a ba wanda cikinsa ya cushe ko ya daina motsi, ko wanda aka yi wa aikin ciki kwanan nan, ko wanda hankalinsa ya gushe har zai iya shaƙewa. Wanda ya karanta wannan ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ban ga laifinsa ba. Sai dai duk haɗarin nan, in ban da na hanji, abu ne da awo ke gani tun kafin ya yi ɓarna, na hanjin kuma ana rage shi da zaɓen wanda za a ba da barin sobitol.

Awon da nake nufi bai fi ƙarfinmu ba. Sodiyam da fotasiyam da aikin ƙoda gwaje-gwaje ne da ya kamata kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya iya yi dare da rana, don mai kwalara da mai jijjigar haihuwa da mai ciwon suga ma, ba don mai litiyam kaɗai ba. Shi awon litiyam ɗin ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, amma ba wani siddabaru ba ne. Tsohon injin nan mai auna gishirin jini ta launin harshen wuta yana iya auna shi, domin litiyam ja wur yake ci a wuta, wasu injinan zamani kuma kan karɓi ƙarin sashe na litiyam. Ba dole a sa shi a ko'ina ba. Ya isa a tabbatar da shi a wuri ɗaya ko biyu da ba sa rufewa, a asibitin gwamnatin jiha da ke Kalgo ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, a riƙa kai jinin a kan babur kamar yadda ake kai majinar masu tarin fuka inda injin gwaji yake, sakamako ya dawo ta waya a ranar. Akwai wani ƙaramin tarko da ya kamata kowane ma'aikacin jinya ya sani. Kwalbar da aka saba ɗibar jinin gwajin gishiri a ciki, mai koren murfi, sau da yawa maganin hana daskarewar da ke cikinta da litiyam aka yi shi. Jinin da aka zuba a ciki zai nuna lamba mai tayar da hankali ko da mutumin bai taɓa ganin ƙwayar ba. Kwalba marar komai ake so. Kuma awo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita bayan 'yan awanni, don a san lambar hawa take yi ko sauka, domin ko bayan wankin ƙoda takan sake ɗagowa idan litiyam ɗin da ya ɓuya a tsoka ya dawo jini.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya don mutum nawa? Masu shan litiyam a ƙasar Gwandu ba su da yawa, gara a daina rubuta shi a huta. To ai ƙarancin nasu daga rashin awon ya samo asali. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma wanda ke zaune a asibitin Kware ta Sakkwato yana sallamar majinyaci zuwa ƙauyen da ba a auna jini yana da dalilin jin tsoron rubuta shi. Abin da ake komawa gare shi kuwa yana da nasa farashin. Balfurowet, wanda ya fi kowane maye gurbinsa, yana jawo naƙasar halitta ga kusan jariri ɗaya cikin goma idan uwa ta sha shi da ciki, ga matsalar koyo da ke samun kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na yaran, har Birtaniya ta hana ba mace mai shekarun haihuwa shi tun 2018 sai da tsari mai tsauri na hana ɗaukar ciki. A ƙasar da mace kan yi aure da wuri ta kuma haihu sau da yawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Litiyam ma yana da haɗarinsa ga ɗan tayi, musamman zuciya, amma bai kai wannan ba. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da arha, kuma shi ne maganin da aka fi samun hujjar cewa yana rage kashe kai ga masu wannan lalura. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta yi wa mai wannan ciwo alkawarin kulawa irin ta kowane majinyaci. Hana shi maganin da ya fi dacewa da shi saboda mun kasa auna jininsa saɓa wannan alkawari ne.

Tsoron da na fi ɗauka da gaske shi ne kada garin ya zama dalilin zama. Iyalin da kuɗin mota ya yi musu nauyi za su so a ce musu an samu magani a nan, likitan da shi kaɗai ne a asibiti shi ma zai so ya gaskata haka. Maganin wannan shi ne rubutacciyar ƙa'ida mai shafi ɗaya, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi za ta tsara tare da likitocin ƙoda da na ƙwaƙwalwa na Birnin Kebbi da Sakkwato, a liƙa ta a bangon ɗakin gaggawa. Wanda hankalinsa ya gushe, ko ya ruɗe, ko yake jijjiga, ko ƙodarsa ta tsaya, mota za a nema masa a take, ba a tsaya dama gari ba. Garin na wanda yake a farke ne, yana iya haɗiya, cikinsa na motsi, an ga fotasiyam ɗinsa da ido, kuma ana ba shi ne tare da ƙarin ruwa, waya na hannun likita yana magana da na birni. Kada ya fita kantar asibiti zuwa kemis ko kasuwa ko da wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka duk wanda aka ɗora a kan litiyam a ba shi kati tun ranar farko, da boko da ajami tunda ƙasar Gwandu ce, mai ɗauke da lambar jininsa ta ƙarshe da gargaɗi a fili: in amai ko gudawa ko zazzaɓi ya zo, a dakatar da ƙwayar a nufi asibiti; kada a sha maganin ciwon jiki sai farasitamol; a nuna katin ga duk mai rubuta maganin hawan jini; a tattauna da likita kafin azumi, shari'a kuwa ta riga ta yi wa marar lafiya sauƙi. A kira uwa ko miji ko yaya a karanta musu, domin su ne za su fara ganin karkarwar. Sannan duk wanda aka ba garin a rubuta shi a littafi guda: awa nawa ya yi kafin ya iso, lambarsa ta shiga da ta fita, abin da ya sami fotasiyam ɗinsa, ko ya kai ga inji, ko ya koma gida da ƙafarsa ba tangaɗi. Mutum 12 ne kacal aka ba garin a binciken Montiriyal. Idan asibitocin Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka riƙe littafi iri ɗaya, jami'o'in Kalgo da Sakkwato suka tattara shi, za a wuce wannan adadi da majinyatan da suka zo daga cikin zafinmu da gudawarmu da nisan hanyarmu, kuma in littafin ya nuna garin bai amfane su ba, a sauke shi daga kanta.